Gaisuwar Hannun Hagu

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, kowa yana kukan tsadar rayuwa, a keke nake zuwa koyarwa daga Gwarzo zuwa wani ƙauye a hanyar Kabo. Mu masu keke, in mun ga babba sai mu ja birki mu sauka, mu durƙusa, mu tambayi iyali da gona. Masu babur kuwa hannu kawai suke ɗagawa su wuce, na hagu ma, wai na dama yana riƙe da totur. Ni da na sha duka a wurin kakata saboda karɓar abu da hagu, abin nan yana ci mini rai. Na ce rashin tarbiyya ne. Na faɗa a majalisa, na maimaita a ƙofar masallaci.

Sai ƙanena, wanda ni na koya wa hawa keke, ya sayar da gyaɗarsa ya sayi babur. Wata safiya ina durƙushe a gaban limamin unguwarmu a bakin titi, sai ƙanen nawa ya zo wucewa, ya ɗaga hagu. Na zuba ido in ga Malam ya ɗaure fuska. Ina! Sai ya katse gaisuwata, ya ɗaga hannu biyu yana murmushi, ya ce, "Allah ya tsare hanya, Alhaji!"

Alhaji! Yaron da ko Kano bai cika zuwa ba.

Malam ya juyo gare ni ya ce, "To, ina muka tsaya?"

Ni dai gwiwata tana ƙasa, hayaƙin ƙanena yana shiga mini hanci.