Bana Chileshe, Wadda Ta Zagi Mai Makoki Ya Yi Godiya

Kafin maigadi Sakala ya gama buɗe ƙofar ƙaramar hukumarmu, Bana Chileshe ta riga ta iso. Takan sauko daga ƙaramar bas da jakarta a hammata, ta ɗaura zane a kan siket ɗin aiki, ta bi layin waɗanda suka yi sammako tana gaishe su. A cikin gaisuwar take gane wanda ya zo da faɗa a bakinsa, da wanda bai ma san ofishin da yake nema ba. Sai ta gama wannan zagaye take zama a teburinta na bakin ƙofa, inda kowa ke fara tsayawa ya yi tambaya. Haka take tun kafin a haifi wasu daga cikinmu da muke aiki tare da ita yau. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Sunanta na takarda Prisca Mulenga, amma kowa Bana Chileshe yake ce mata, wato uwar Chileshe. 'Yar Bemba ce daga arewa. Aure ya kawo ta nan gabashin Zambiya cikinmu 'yan Ngoni, mijin ya rasu, ita ta yi zamanta. Bemba da Ngoni kuwa taubasai ne. Mu mu ce musu maciya birai, su su ce mana maciya ɓeraye, ba mai fushi. In mutuwa ta faɗa gidan ɗan Ngoni, su ne masu haƙa kabari, su ne masu girki, su ne masu bin 'yan makoki da tsiya har sai sun ga haƙoransu.

Da wannan ta yi aikin gwamnati shekara da shekaru. Mace za ta shigo tana kumfar baki an ba wani rumfarta ta kasuwa, Bana Chileshe ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke, sauke murya. Ɓeran da kika karya da shi ne bai gama mutuwa ba yake motsi a cikinki?"

"Ji maciyar biri! Kun cinye na dajinku kun zo ku cinye mana rumfuna."

Kafin dariyar ta lafa ta riga ta kama hannun matar ta kai ta ƙofar da ta dace, ta tsaya har sai an saurare ta.

Ana nan aka turo mana sabon sakatare daga Lusaka, Mista Mweemba, ɗan Tonga, mutum mai magana ƙasa-ƙasa. Ya tarar kowane ofishi da ƙofarsa, kowace ƙofa da 'yan gidanta. Wanda ya san wani ya shiga ta baya, wanda bai san kowa ba ya wuni a rana. Ya sa aka rushe bangaye, aka yi zaure guda mai tagogi, aka kafa na'ura mai ba da lamba. Ya kafa doka biyu: ba a sallamar kowa sai lambarsa ta zo, ko ɗan wane ne, kuma ba wasa da jama'a a bakin aiki.

Ma'aikata suka yi ta gunaguni, don wanda aka raba da ƙofarsa an raba shi da sarautarsa. Bana Chileshe ce ta fara zama gaban kwamfuta. Da yatsa ɗaya take danna ta, gilashi a kan hanci, tana ce mata "'yar nan" kamar wata jikarta mai taurin kai. In ta ji tsofaffin akawu suna ƙorafi a wurin cin abinci, sai ta ce, "Ni da nake bakin ƙofa na san waɗanda ke komawa gida ba a gan su ba. Lambar nan gatansu ce. Ku bar ta." Da suka ga wadda ta girme su duka ta koya, kunya ta sa suka koya.

Doka ta biyu ce ta yi mata nauyi. Mista Mweemba ya taɓa jin ta tana tsokanar wani mahauci, ya kira ta gefe. Ya ce ya san al'ada, amma wani baƙo zai iya ɗauka a waya ya watsa, a ce ana zagin talakawa a ofishin gwamnati. "In na sake ji, Mama, takarda ce." Ta san ma'anar hakan. A wurinmu, wanda ke da takardar gargaɗi a fayil ɗinsa ba a ba shi takardar yabo ranar sallama. Ita kuwa ba ta da gida na a zo a gani, ba ta da mota. Abin da take taƙama da shi ke nan, cewa tun da ta kama aiki ba a taɓa rubuta mata laifi ba, kuma a haka take so ta fita. Ta kama bakinta. Watanni tana gaisuwar da aka rubuta mata, mutane suna tambayar ko ba ta da lafiya.

Sai ranar tsoho Jere.

Kafinta ne ɗan Ngoni a unguwar bayan tasha. Matarsa Tisauke ta rasu, an ɗauko ta daga asibiti, akwatin yana cikin akori-kura a ƙofar hukuma, matan coci suna kewaye da shi suna waƙa cikin yayyafi. Ba a shiga maƙabartar gari sai da takardar izini, takardar kuma sai daga tagarmu. Ya ɗauki lamba kamar kowa, ya zauna bayan masu sabunta lasisin shago. Can sai sabis ya ɗauke, kwamfutoci suka tsaya, layi ya daina motsi. Ya jira. Ya je taga aka ce ya yi haƙuri. Ya koma aka ce ya yi haƙuri. Da rana ta fara yi, sai ya ɗaga gorarsa ya maka wa katakon tagar, takardu suka tashi sama.

"Matata tana waje ruwa yana dukanta! Ku fito ku gaya mata ta yi haƙuri!"

Sakala ya riƙe shi, ya fizge. Mutane suka mimmiƙe, wasu suna goyon bayansa da ihu. Mista Mweemba ya sauko daga bene da waya a hannu, yana neman lambar 'yan sanda.

Bana Chileshe tana ganin wayar. Tana kuma ganin mai wayar, ta san ko raɗa ta yi zai ji. Ta ɗan zauna kamar ba za ta tashi ba. Sannan ta ƙara ɗaure zaninta, ta je lungun da Sakala ke ajiye garin masarar tuwonsa, ta dumbuzo, ta ratsa mutane, ta zuba wa tsohon a ka, kamar yadda taubasai ke yi wa mai makoki.

"Kai Jere! Maci ɓera! Matar kirki ta gaji da kai ta gudu, shi ne ka zo ka fasa mana katako?"

Tsohon ya juyo, gari yana zubo masa a gira.

"Wace ce wannan?"

"Uwar gidanka ce. Bemba."

Gorar ta fara sauka a hankali. "Sai yanzu kuka ga dama, ɓarayi. Tun jiya nake duba ƙofa ban ga ko ɗayanku ba. Na ce ko birai sun yi ƙaura kun bi su." Ya juya ya dubi ƙofa. "Wa zai haƙa wa Tisauke?"

"Mu mana. Ku me kuka iya haƙawa in ba ramin ɓera ba?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya sulale ya zauna a ƙasa. Ta zauna kusa da shi a kan simintin, ba ta ce masa ya yi shiru ba. Da ya lafa, ta ɗaga kai ta tambayi wa ke da lambar gaba. Wani mai walda ya miƙo tasa. Ta karɓa, ta je gaban Mista Mweemba ta durƙusa tana tafa hannu irin gaisuwar manya.

"Yallaɓai, ga lambarsa ta zo. 'Yar nan ce ta ƙi tashi. Hannunka kuwa lafiyarsa ƙalau."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya sa aka ɗauko tsohon littafin izini, ya rubuta da hannu a tsaye, ya buga hatimi. Da yake miƙa mata ya ce a hankali, "Kin san abin da kika yi."

"Na sani, yallaɓai. Ina kuma neman izinin yamma."

Ta buga wa 'yan Bemba na gareji da na kasuwa waya, suka ɗauki diga da shebur suka riga gawa isa maƙabarta. Waɗanda suka je gidan makokin sun ce ita ta tuƙa tuwo har aka watse, tana tuƙi tana zagin dangin Jere. Da za ta tafi, tsohon ya rako ta bakin hanya ya riƙe hannunta biyu, ya ce, "Na gode, ɓarauniya."

Washegari takardar gargaɗi tana jiran ta. Mista Mweemba bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Mama, da ba ki tashi ba da na sa an kama mutum ranar binne matarsa. Amma in na ƙyale ki, gobe kowa a ginin nan zai tashi da nasa taubashin, mu koma gidan jiya."

Ta karanta, ta cire gilashi, ta goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta sa hannu. "Ka yi sa'a ni ba 'yar Lozi ba ce, yallaɓai. Da taubashiyarka ce ni, da yau ka ji abin da 'yan Tonga suke ci."

"Allah ya rufa mini asiri," in ji shi.

A makon ne ya tara mu, ya ce ta faɗi yadda take ganin za a yi. Ta faɗa a taƙaice. Tun daga ranar, wanda ya zo neman izinin binne mamaci ba ya ɗaukar lamba, yana da tagarsa ta dabam da kujera, in sabis ya ɗauke a rubuta masa da hannu. Takardar gargaɗin kuwa bai janye ta ba, ita ma ba ta roƙa ba.

Bana Chileshe, ke ce kika riga kowa rungumar sabon tsari, kika tsaya masa lokacin da masu ƙuruciya ke zillewa. Ke ce kuma kika taka dokarsa sau ɗaya, a tsakiyar zaure, a gaban wanda ya kafa ta, kina sane da abin da za ki rasa. Uwar bakin ƙofa, ba ki yi don a gani ba, amma mun gani. Duk mai makokin da ya shigo yau ya sami kujera bai san sunanki ba, bai san abin da kika biya ba. Mu mun sani, kuma mun gode.

Ku da kuke bayan tagogi irin namu, a nan ko a wata hukuma, ku ɗauki halinta gaba ɗaya, kada ku ɗauki rabi. Ku koyi tsari, ku riƙe shi, don shi ne gatan wanda bai san kowa ba. In ranar ta zo da tsarin zai zalunci wanda aka yi shi dominsa, kada ku bi ta ƙofar baya. Ku tashi a gaban kowa ku yi abin da ya kamata, sannan ku sa hannu a kan abin da ya biyo baya.

Ranar sallama za a kira sunayen waɗanda za a ba takardar yabo, naki ba ya ciki. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ki zo da zaninki mai kyau duk da haka, Mama. In an gama kiran sunayen, mu za mu miƙe.