Kawu Iro da Gajeren Baka

Ku da kuka zauna a unguwar Mahjar ta Jidda kun san Kawu Iro ba ya shiga wuri sai ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu ya saki, ya ga inda iska ta nufa. Ko masallaci zai shiga kuwa. Maharbi ne a gida, can wajen Maraɗi, ya zo Hajji ya ƙi komawa, sai daga baya ya samu iƙama, wato katin izinin zama. Ni ɗan ƙanwarsa ne, direba. Kafilinmu, wato maigidan da ya tsaya mana a takarda, ɗaya ne, Abu Nasir, wani Balarabe mai filin koyon harbin kibiya a bayan Khumra.

Aikin shara aka ɗauki Kawu a filin. Cikin wata uku ya koma gyaran baka. Ba irin na gida ba, na zamani, masu taya sama da ƙasa, waɗanda in ka ja tsirkiya har kunne tayoyin su ɗauke maka nauyin. Ranar da ya fara jan ɗaya, ya tsaya riƙe da shi har aka gaji da kallonsa. Da ya sauke sai ya ce, "Kai! Da ina da wannan a daji, barewa ta je ta yi shawara da danginta ta dawo, ina nan."

Tsohon silifa ba ya wuce shi a hanya. Ya yanka siri-siri, ya ɗaura wa tsirkiya don ta daina ƙara. Na kowa yake ɗaura wa, ba ya tambaya.

Na ce, "Kawu, mutanen nan takarda suke harbi. Takarda ba ta da kunne."

Ya ce, "Kai ka tambaye ta?"



Shekara talatin a Jidda, Larabcinsa bai wuce "halas" da "yalla" ba, wato "shi ke nan" da "mu je". Ni nake yi masa tafinta, rabin maganarsa kuma a bakina take mutuwa, don mu ci abinci.

Wata shekara iƙamarsa ta kusa ƙarewa, sai kafili ya sa hannu za a sabunta. In bai sa ba, a kama tsoho a sa shi a jirgi. Shi kuwa burinsa ɗaya ne, ya mutu a ƙasar nan a binne shi a cikinta. Daidai lokacin ne Abu Nasir ya sayo sabon baka, gajere, mai launin ganye, ya ce da shi zai shiga gasa. Ya ajiye a gaban Kawu ya ce a saita masa.

Kawu ya juya shi sau ɗaya ya ture.

"Sale, gaya masa wannan na daji ne. An gajarta shi don kada ya maƙale a ƙaya. Yana da gudu, amma ba ya yafiya. Hannu ya ɗan kauce, kibiya ta tafi Yaman. Ya ɗauki dogon can mai nauyi. Ba shi da sauri, amma yana haƙuri da mai shi. Shi kuwa hannunsa rawa yake yi."

Na juya na ce da Larabci, "Hajji ya ce baka ya yi kyau, amma dogon ya fi dacewa da girmanka."

Kawu ya harare ni. "Maganata ta fi wannan tsawo."

"Kawu, takardarka tana aljihunsa."

"Hannunsa ma yana jikinsa."

Sai ya miƙe, ya nuna Abu Nasir da yatsa, ya miƙa hannun hagu kamar mai riƙe baka, ya shiga karkarwa har hularsa ta faɗi. A gaban baƙi! Wannan ba ta buƙatar tafinta. Abu Nasir ya ce "Halas," ya ɗauki bakansa ya fita.

Iƙama ta ƙare. Wata biyu Kawu bai leƙa titi ba, ni nake kai masa abinci. Na ce ya je ya ba da haƙuri.

Ya ce, "To. In na ba shi, hannun zai daina?"

Ni na kai Abu Nasir gasar. Ban shiga ba, na jira a mota. Da ya fito ya jefa gajeren bakan a but ɗin mota, ya buga murfin da ƙarfi. Ban tambaya ba. Bayan mako guda ya miƙo mini iƙamar Kawu, sabuwa, tare da dogon bakan. Ya ce, "Kai wa Hajji."

Kawu ya duba katin gaba da baya, ya sa a aljihu, ya jawo bakan.

"Ka ce masa na gode. Ka ce masa kuma har yanzu yana rawa."

Ta farkon kawai na faɗa.

Bai cinye katin nan ba. Saura wata huɗu ya ƙare, Kawu ya kwanta ciwo, kwana uku ya tafi. Takarda tana da kyau, ba wanda ya tsayar da mu. Muka binne shi a nan Jidda bayan la'asar, Abu Nasir yana cikin masu ɗaukar makara.

Allah Ya ji ƙan Kawu. Ya yafe masa taurin kai, Ya sa ƙasar nan da ya nace mata ta yi masa sanyi. Amin.