Mai biza da gonar fadamarmu

Jiya na shiga gida a Sabon Birni, na iske baƙo a zaure, ƙanena Sanusi yana ta rawar jiki da kwanon fura. Wai mutumin zai samo mashi aikin kiwon raƙuma a Saudiyya. Zai shiga da bizar Umara, in ya isa a juya mashi ita ta koma ta aiki.

Tun da 'yan bindiga suka taso mu daga Gatawa, Sanusi ba shi da zance sai na fita waje.

Babanmu, da ke zaune nan zauren, ya gyara zama.

"Malam, shi mai raƙuman, ya tambayi ko Sanusi ɗan wane ne? Ya san ko ya taɓa kiwo?"

"Baba, ba a buƙatar wannan. Fasfo kawai," in ji baƙon.

"To, ni ko tunkiya guda za ni ba makiyayi, sai na san ubanai da rugarsu."

Baƙon ya yi dariya, ya sauya zance, ya shiga tambaya. Ina gonar fadamar da ta rage mana? Kusa take da hanya? An raba gado?

Har ya tafi ko shekarun Sanusi bai tambaya ba, amma gonar ya san iyakarta gabas da yamma.

Yanzu Sanusi fushi yake don mun ƙi yarda, wai mun toshe mashi arziki.

Ku da kuka taɓa fita, bizar Umara tana komawa ta aiki? Ni dai a ganina, gonar ce za ta yi tafiya, Sanusi yana nan.