Kada a Faɗa Masa Sai Ya Gama Jarrabawa

Shekarun baya masu nisa, wajen tsakiyar shekarun 1960, na yi karatun sakandare a makarantar 'yan Katolika. Na san wasunku za su ce ina ɗan Makka ina makarantar Fada. To ba a Makka take ba, a Hartum take, can Sudan. Amma a Makka aka ɗanɗana kuɗarta.

Iyayena a ƙasa suka taso daga Kano, suka bi ta Chadi da Sudan, suka yi Hajji suka zauna. A ɗakin kwano aka haife ni a bayan unguwar Rusaifa, lokacin wajen duk duwatsu ne da awaki. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata, wadda nake kira Inna, waina take soyawa da safe, in lokacin Hajji ya zo kuma ta tuƙa wa alhazan ƙasarmu tuwo. Ba mu da takardar zama 'yan ƙasa, saboda haka ina gama firamare hanya ta toshe. Sa'o'ina suka shiga dako da sayar da ruwa.

Kawuna, ƙanen Inna, tela ne a Hartum, shi yake ɗinka wa ɗaliban makarantar kaya. Da ya zo Umra ya gan ni ina zaune, sai ya ce, "Yaya, ba ni yaron nan. 'Ya'yan Musulmi sun fi yawa a makarantar, ba wanda ake taɓa wa addini. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe jami'a yake wucewa." Inna ta ci gaba da juya ƙullu. Can ta ce, "Ɗayyib. Ku tafi."

Na sha wuya a shekarar farko. Turancina bai wuce gaisuwa ba. Akwai wani Fada, tsohon Bature ɗan Italiya, mai koyar da kemistiri da ilmin halittu, wanda ba ya duka, sai dai ya tsare ka da ido har ka gwammace dukan. Shi ya riƙa tsayar da ni bayan an tashi yana maimaita mini darasi. In azahar ta yi ya duba agogo ya ce in je in yi salla in dawo. A hankali kaina ya buɗe, har na fara sa ran likita zan zama. Kai kuwa ya kumbura. In na zo hutu Makka ba gwangwanin da zai wuce ta gabana ban karanta rubutun jikinsa da ƙarfi ba, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

A hutun da ya rage mini shekara guda in gama abin ya lalace. Wani ɗan kasuwar unguwarmu ya je Hartum saro kaya, ya hango mu a jere muna bin bayan Fada, ga gicciye a saman ƙofar makarantar. Kafin jirgin ruwanmu ya iso Jidda labari ya gama unguwa cewa ɗan mai waina ya bar Musulunci.

Wata rana bayan la'asar dattijon da ke ba mu salla ya zo ƙofar gidanmu da mutane a bayansa. Shi ya raɗa mini suna. Ya ƙi karɓar tabarmar da na shimfiɗa masa.

"Ya walad, kai yaro, matso nan," in ji shi. "Yi kalmar shahada mu ji."

Na dube shi, na ɗauka ban ji daidai ba.

"Baba Malam, ai tare muka yi sallar yanzu."

"Na ce ka yi mu ji."

Na yi. Ya ce in karanta Fatiha, na karanta kamar wanda aka kama da sata. A garin da aka haife ni, wanda daga kan dutsen bayan gidanmu ana hango hasumiyar Harami. Da na gama ya ce, "Madalla. To halas, magana ta ƙare, ba za ka koma ba. In maganar nan ta kai ga hukuma, ba kai kaɗai za a kora ba, mu duka za a bi da tambayar takardu."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa ba wanda ya yi tari. Daga bayan labule Inna ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ka ji da kunnenka yaron nan Musulmi ne. Saura masa shekara guda. Zai koma."

"Ke za ki ɗauki alhakin?"

"Ni zan ɗauka."

Washegari ta soya waina kamar kullum. Yaran da ake aikowa da kwano ba su zo ba. Har rana ta take tana zaune a gaban tanda, sai wata maƙwabciyarmu, tsohuwa 'yar Damagaram, ita kaɗai ta zo ta saya. Haka aka ci gaba har hutun ya ƙare. Matan da suke wuni a ɗakinmu suka koma gaishe ta daga nesa. Na ce mata na haƙura da karatun, zan shiga dako. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "In ka zauna, wulaƙancin da aka yi maka a ƙofar nan ya tafi a banza ke nan. Tashi ka haɗa littattafanka."

Shekarar ƙarshe ban san rana ba ban san hutu ba. Daga aji sai ɗakin gwaje-gwaje, daga nan sai shagon Kawu, in zauna a bayan keken ɗinki ina hadda. Fada ya tara mana tambayoyin shekarun da suka wuce muna yi muna sakewa. Lokaci lokaci matafiya kan kawo saƙon baki daga Inna: tana lafiya, in dage. Da jarrabawa ta matso saƙon ya ɗauke, na ce hidimar alhazai ce ta sha mata kai.

Ranar da muka rubuta takarda ta ƙarshe na fito ina dariya, sai na ga Kawu a bakin ƙofa tare da Fada. Kawu bai taɓa barin shago da rana ba. Fada ya cire tabarau, ya dafa kafaɗata, ya juya ya shige ciki.

"Sai haƙuri," Kawu ya ce. "Yaya ta rasu."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Tun kafin Arfa."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta sa aka kira mata wani mai tafiya Sudan ta ce in ta cika ya gaya wa Kawu, amma kada a faɗa mini sai na ajiye alƙalami. Kawu ya je ya sanar da Fada, suka riƙe maganar, kullum suna ganina ina hadda.

Na iso Makka alhazai sun watse. Tsohuwar nan 'yar Damagaram ce ta buɗe mini ɗakin. Ita ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka. Na tambaye ta su wa suka ɗauki gawar. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka sa na yi magana. 'Yan unguwa kaɗan ne suka fito. Wasu alhazai ne da ta taɓa dafa wa abinci suka kai ta Harami. A can kuwa ta sami jama'a, waɗanda ba su san ta ba, ba su san ka ba." Na je maƙabarta, mai gadin ya nuna mini wani fili da hannu ya ce ta wajen nan aka binne mutanen makon da ta rasu. Kaburburan Makka ba suna a jikinsu. Na tsaya a inda ya nuna na yi addu'a.

Na ci jarrabawar. Na shiga jami'a, na zama likitan, na yi aiki har na yi ritaya. Mutane kan ce Inna ta yi dabara, kuma na yarda, da an gaya mini a lokacin da ban rubuta ko layi ɗaya ba. Amma ba na iya cewa na gode da ɓoyewar. Na gwada, bakina ba ya furtawa.

Bayan shekaru, Kawu ya tsufa ya daina ɗinki, na tambaye shi wace rana ce labarin ya iso musu. Ya ce ranar da na dawo gida a guje ina ihu na zo na ɗaya a jarrabawar gwaji. Da hantsin ranar ɗan saƙon ya sauka. Matarsa ta share hawaye ta yanka mini kaza don kada in gane. Ya ce na ci, na nemi ƙari, har ina tsokanarta wai hayaƙin murhu ya sa idonta ja.