Zogalen Kulɓa

Ina shekara ta huɗu a Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, na samu aiki gidan wata tsohuwa Balarabiya a unguwar Aziziyya. Shara, wanki, girki, duk na iya. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne za a sa ni ciyar da kulɓa.

Ba irin tamu ta gindin randa ba ce. Wannan ta kai tsawon hannuna, kore-kore, tana naɗe reshe da jela. Ɗan tsohuwar ne ya sayo ta, ya rasu ya bar ta, uwar kuma ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Kullum da safe Hajiya za ta ja kujera gaban kejin gilashin ta yi ta yi mata hira. Ni kuwa sai a'uzubillahi a zuci, don a garinmu da takalmi ake bin kulɓa.

Ba ta cin nama, ba ta cin ƙwaro, sai ganye. Hajiya ta nuna mini komai dalla-dalla: a wanke, a yanka ƙanana, a haɗa da ɗan kabewa, a barbaɗa wani farin gari mai ƙara ƙarfin ƙashi. Ta ja mini kunne a kan latas, ta ce ruwa ne zalla, cika ciki kawai yake yi. Sannan ta buɗe ledar da mai kayan miya ke aiko mata sau biyu a mako. Jama'a, zogale ne, ɗanye shar.

Rabona da zogale tun kafin in hau jirgi a Kano. Yawuna ya tsinke, raina kuma ya ɓaci. Wato ni 'yar Adam ina fama da shinkafa da kaza har sun gundure ni, ƙadangaruwa tana can tana cin zogale?

Da farko ɗan tafin hannu nake ɗiba. In dafa, in matse, tun da babu ƙuli sai in kwaɗa da ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da albasa da barkono, in ci a tsaye bayan ƙofar kicin. Wallahi har ƙwalla nake yi don daɗi. To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Tafi ya zama rabi, rabi ya zama duka. Idon Hajiya ya yi rauni, kore duk kore ne a wurinta, sai in cika kwanon da latas. Farin garin nan ma yau in sa, gobe in ce kulɓa ce fa, me za ta sani.

Bayan wasu watanni ta daina hawa reshe. Sai kwanciya a ƙasa, ƙafafu na rawa. Muƙamuƙinta ya yi laushi, in ta ɗauki ganye sai ya zubo. Hajiya ta kira likitan dabbobi. Ya lallatsa ta, ya ce ƙasusuwanta ne suka yi taushi, kuma galibi daga abinci ne. Ya ɗago ya dube ni, ya tambayi wa ke ba ta. 

Kafin in buɗe baki Hajiya ta tare shi. Ta ce kada ya kuskura ya yi mini irin wannan kallon, ni 'yarta ce, da idonta take ganin kwano cike kullum. Da na samu rami a lokacin, da na shige. Likita ya sassauto, ya ce to rashin hasken rana ma yana jawo haka. Nan Hajiya ta dafe ƙirji, don ita ce ta sa aka janye kejin daga taga lokacin zafi.

Kulɓar ba ta mutu ba. Na koma niƙa mata zogale da garin nan ina ɗura mata da ƙaramin cokali, ban sake taɓa ko ganye ɗaya ba. Amma bakin ya riga ya karkace, reshe kuma halas, ba ta ƙara hawa ba.

Wata safiya ina ɗura mata, Hajiya na zaune gefe, ta kamo hannuna.

"Ya binti, ki roƙa mini gafara. Amanar ɗana ce, ni na nakasa ta."

Na ce, "Allah ya yafe mana, Hajiya."

Ta ce amin, har da shafa kaina. Na ƙara shekara biyu a gidan, kuma "mana" ɗin nan ita ce iyakar gaskiyar da na iya gaya mata har ta koma ga Allah.