Ni Ce Idon Yaya Labbo

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Yaya Labbo a Talata Mafara, hancinsa ya san igiyar nan. Ba ya ɗaukar mutum sai ya aune shi. Zai ɗaure bakin igiya a ƙafar kyamara, ya jawo ta yana lalubar ƙulli ɗaya bayan ɗaya, har ya dangwala maka ita a kan hanci. Ango ne kai, limami ne kai, ɗan siyasa ne mai babbar riga, sai ka sha igiya. Sannan ya daka tsawa: "Ƙulli ukku! Kada ka motsa, kada ka yi numhwashi, kada ka tuna abin da kac ci jiya!"

Asalin igiyar rowa ce, ba gwaninta ba. Kyamarar ta taɓa faɗowa daga babur a hanyar Ruwan Gizo, abin da ke saita ta da kanta ya mutu. Mai gyara ya faɗi kuɗi, Yaya ya kwashe kayansa ya ce, "Dama ban son ta da wayau. Ni ka saita ta, ba ita ka saita ni ba." Tun daga ranar sai ya auna nisa da igiya, ya murɗa bakin gilashin zuwa lambar da ta dace.

Ni ce Kulu ƙanwarsa, wadda kuka sani da baki. Kun san idonsa ya tafi a ƙarshe. Abin da ba ku sani ba shi ne, shekara huɗu ya yi yana ɗaukar ku hoto bai ga fuskar kowa ba. Ni ce idon. Ya roƙe ni in rufe, na rufe, kuma duk wanda ya san ni ya san rufe bakin nan ya fi mini daka gero wuya.

Lokacin waya ta riga ta cinye masa kasuwa. Amare sun daina zuwa, samari sun daina zuwa, sai tsofaffi da masu walima da masu son hoton takarda. Ya tsani waya kamar me. Wani Alhaji ya taɓa zuwa shagonsa yana juya sabuwar wayarsa, ya ce, "Labbo, ka ga wagga? Ido ukku gare ta a baya. Taka ido guda." Yaya ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Da ido gudan na ɗauki ubanka ran aurenai, kuma hoton na nan ɗakin tsohuwarka. Naka na bara, ina shi?" Alhaji ya ce ai waccan wayar ta faɗa rijiya. Yaya ya ce, "To ka gaishe da rijiya."

Ni kuwa ban goya masa baya ba. Ina da waya, ina ɗaukar jikokina da ita, kuma na gaya masa a gabansa: "Yaya, wagga aba ta ci ka. Kowa na da ita aljihu, ba ta son igiya." Ya ce, "Hoton da ba a iya rubutu a bayanai, hoto na?" Na ce, "Mutane dai sun zaɓa." Ya ce, "Mutane sun zaɓi abubuwa da yawa."

Da na shiga makarantar manya, na wuce arba'in, shi ne kan gaba wajen yi mini dariya. In ya gan ni da jaka sai ya ce, "Ga 'yar firamare nan! An ba ki kuɗin tara?" Har ranar da ya shigo gidana bayan la'asar da kyamara a rataye, ya zauna bakin tabarma, ya yi ta kame-kame. Can ya miƙo mini ita.

"Ke 'yar boko, in gwada ki. Wagga lamba nawa ta?"

"Biyat."

"Wagga hwa?"

"Yaya, babban yatsanka na. Ka ruhe lambar."

Ya janye yatsan a hankali. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, mutum yake gani kamar buhu a tsaye. Na ce gobe da sassafe sai asibitin ido. Ya ce in aka gan shi a layin masu ciwon ido, kafin azahar labari ya kai Bakura, kuma wa zai sake tsayawa gaban makahon mai hoto? Ya ce, "Tun ina saurayi ita nika riƙe, Kulu. In na aje ta, mi zan ce ni na?" Na zage shi tas, na ce taurin kansa ya fi na jakin Baba. Da na gama, na ce, "To ya za mu yi?"

Ga yadda muka yi. Aka ce ni ce mai gyara wa mata mayafi. Shi zai ja igiya ya ƙirga ƙulli da yatsa ya faɗa da ƙarfi, ni kuma in zo kamar zan share ƙurar gilashi da bakin gyalena, in murɗa shi zuwa lambar. In kyamara ta karkace, sai in gaya masa cikin faɗa, tunda ba wanda zai yi mamakin Kulu tana faɗa. "Kai dai komai naka hagu-hagu!" sai ya matsa hagu. "Ɗaga kanka sama, kamar marar gaskiya!" sai ya ɗaga. Ya latsa, in leƙa ɗan allon bayan kyamara in gaya masa gaskiya, ya yi ko bai yi ba. Mata suna cewa, "Kulu, ki ji tsoron Allah, yayanki ne fa." Su ba su san aiki muke ba.

Ranar da na kusa mutuwa don tsoro, wani suna ne a Birnin Tudu. An jera mata a tsakar gida, a gefe kuma ga turmi an kife shi, wata ta shanya zane a kansa. Yaya ya gama jera kowa, sai ya juya wajen turmin.

"Ke ta gehe, matso cikin mutane."

Turmi shiru.

"Baiwar Allah, da ke nike. Kunyar mi? Ɗaga kanki!"

Na yi maza na kwashe da dariya, na ce, "Yaya, bar ba'a, mutane na jira!" Mata suka fashe, har da masu riƙe ciki, wai Labbo akwai barkwanci. Shi kuwa ko gezau, ya ce, "Ai ta hi ku natsuwa duka. Ita kaɗai ta ba ta motsa ba." A mota muna dawowa ya raɗa mini, "Wacece?" Na ce, "Turmi." Ya ce, "Na ji shiru-shirunta ya yi yawa ga 'yar Birnin Tudu."

Sai kuma ranar kasuwar Maradun. Wani dattijo Bafillatani ya zo yana so a ɗauke shi da bijiminsa, fari tas mai manyan ƙaho. Ya ce 'ya'yansa sun ɗauki san nan a waya ba adadi, amma shi yana son hoton takarda, wanda zai sa a jaka ya tafi da shi, don gobe za a sayar. Yaya ya ji daɗin maganar nan har ya gyara hula. Ya ja igiya, ya wuce dattijon, ya nufi hancin sa.

Na ce, "Yaya, mutumin za ka auna!"

Ya ce, "Wa aka sayarwa gobe, shi ko san?"

Bijimi ya ji abu a hanci, ya zaro harshe ya naɗe igiya. Yaya na ja, sa na ja, dattijo na cewa, "Sannu, Malam, sannu, ba ya faɗa." Kafin a ƙwato, ya tauna ta ya tsinka biyu, ya haɗiye ƙulli guda. Na ce a sayi sabuwa, ga masu igiya can a rumfa. Ya ce wannan ba abin da ta yi, ya ɗaure guntayen ya ci gaba. Daga ranar igiya ta daina faɗin gaskiya. In ya ce uku, sai in tsaya ina lissafi a kai, a ƙara abin da sa ya ci, a cire abin da ɗauri ya ci. Malamarmu ta yi ta mamakin yadda na fi kowa a lissafi. Ban gaya mata wani bijimi ne ya koya mini ba. Hoton kuma ya fito, har gashin kunnen sa. Dattijon ya riƙe shi da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

Haka muka yi ta lallaɓawa, ido na ƙara rufewa, har ranar da ajinmu ya gama aka ba mu takardar shaida. Matan aji suka ce Labbo zai ɗauka, don yayana ne. Ni kaɗai na ga matsalar: dole in shiga cikin hoton. Na ce masa bari in ce ba ni so. Ya ce, "Ki sha wahalar boko da hurhura, sannan a ɗauki hoto ba ke? Saita ki tahi."

Na saita. Na duba sau biyu. Kan ƙafar kyamarar nan da ma da robar tayar keke yake ɗaure, don ya ƙi sayen noti. Na ruga na shiga layi, na ɗaga takardata a ƙirji. Ya yi tsawarsa, muka ƙame, ya dafa kyamara ya latsa. Na dawo da sauri na leƙa.

Takalma. Tun daga wannan gefe har wancan, ƙafafu ne da takalma da bakin zane. Da ya dafa, robar ta saki, kyamara ta sunkuya, bai sani ba.

Mata na bayana suna cewa a nuna musu. Ya matso kusa ya ce a hankali, "Ya yi?"

Shekara huɗu ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na dubi idanun nan farare, na ji bakina ya ce, "Ya yi kyau, Yaya. Madalla. Sannu da aiki."

Ya ɗan karkata kai. Ya ce, "Tun da Inna ta haihe ki ba ki taɓa ce mani sannu da aiki ba. Mi na ɗauka?"

Na ce, "Takalma."

"Sun hito sosai?"

"Har ɗinki ana gani."

Ya ce, "To kyamara ta yi aikinta. Mai ita na ya ƙare."

Ban ankara ba ya juya wajen matan, ya cire hula, ya ɗaga murya yadda ya saba: "Bayin Allah, ku yi haƙuri. Labbo ba ya gani. Ya daɗe ba ya gani." Sai ya ce, "Malama, ina wagga wayar taki? Zo ki ɗauke su. Ku kuma ku koma inda kuke, ba a tashi ba! Kulu, shiga tsakiya, ki ruhe baki ko na minti guda." Malama ta ɗaga waya, shi ya tsaya a gefenta yana ba da umarni, har da ce mata ta riƙe da hannu biyu, ba kamar mai korar ƙuda ba. A hoton nan duk suna dariya. Ni kaɗai ce fuskata jiƙe, kuma bakina a rufe yake, karo na farko.

Bai sake rataya kyamara ba. Damina biyu ya ƙara, yana zaune ƙofar gida yana gane mutane da muryarsu, yana gaya wa kowa shekarar da ya ɗauke shi da irin munin da ya yi.

Allah ya jiƙan Yaya Labbo. Ya daɗe cikin duhu yana ba mutane dariya don kada su gane. Ya Allah ka haskaka masa kabarinsa, ka buɗe masa ido a inda ya tafi, ya ga Inna da Baba sarai. Ka yafe masa, ni ma ka yafe mini zagin da na yi masa, na aiki da wanda ba na aiki ba. Amin.