Sajo, Kowace Jinya da Izunta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 21 ga Fabrairu, 2001, bayan azahar, Allah ya karɓi ran taubashina Sajo Masanawa, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Gwarzo. Ni ne Malam Uwaisu, malaminsa na allo, kuma ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai irinsa ba.

Sajo, har ka kai shekara arba'in, Fatiha da Ƙulhuwallahu kawai ka iya. In na yi maka zancen karatu sai ka ce gyaɗa ba ta jira. A zamanin tsuke bakin aljihu, da ko ƙwayar magani ta yi wuya a asibiti, kurkunu ya kwantar da kai wata uku. Kullum Hajaratu matarka takan naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, don in aka fizga tsinkewa za ta yi. Don ka daina ihu na kawo maka allo: ita tana naɗi, ni ina biya maka aya. Kafin ƙafar ta warke ka kai Sabbi.

Kana miƙewa ka jingine allon ka koma kasuwa. Na yi fushi, ban ɓoye ba. Sai da motar Kabo ta kife da ku, ka karye a cinya, ka aiko mini: «A ce wa taubashi ya zo, makaranta ta buɗe.» Haka muka yi shekara goma sha bakwai. Ciwon shawara ya ba mu izu shida, karaya goma sha ɗaya, lafiya kuwa ko ɗaya. Kakan ce lafiya ce ke hana ka karatu, ciwo kuwa ɗan aike ne, mai hankali ba ya zagin ɗan aike.

Bara, da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, duk gari ya tafi, kai kana kwance ɓarin jiki ya shanye. Baƙara kaɗai ta rage maka, surar da ta fi kowace tsawo, ga harshe ya yi nauyi. A nan tsoro ya kama ni: kada ka tafi ba ka sauke ba. Na so mu yi sauri, ka hana, ka ce in tuna tsinken Hajaratu.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarka ka kai ayar ƙarshe. Na fassara maka cewa Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ka yi dariya da rabin bakinka mai motsi, ka ce: «Ashe awo ake yi mini. To, mudun bai yi ƙwange ba.» Ni na yi kuka, kai kana yi mini tsiya.

Ragon da aka ɗaure don walimar saukarka shi aka yanka ranar sadakar uku, kuma wallahi an ci ana dariyar labaranka.

Allah ya jiƙanka, ya sa jinyoyinka kaffara ne, Alƙur'ani ya cece ka. Allah ya ba Hajaratu, da 'ya'yanka Asta da Yelwa, da mutanen Masanawa haƙuri. Jiya Hajaratu ta aiko a yanka mata allo. Ta ce lafiyarta lau, kuma ba za ta jira ɗan aike ba.